Mas'udu Mai Surfen Kwamfuta

Idan ka sauka a tashar Ƙanƙara ka tambayi shagon Mas'udu, sai an tambaye ka wane Mas'udun. Amma ka ce Injiniya, ko mai tallar goro za ta nuna maka da baki. Ba wata makaranta ce ta ba shi sunan ba, shi ya raɗa wa kansa, ya sa aka rubuta da jan fenti a saman ƙofa. Aikinsa kuwa tura karatu da waƙoƙi a waya, canza gilashin da ya fashe, da buga katin biki. Tsakani da Allah yana taɓa gyara, ba laifi. Matsalarsa ɗaya ce: in ya san abu kaɗan, sai ya ga kamar shi ya ƙirƙiro shi.

Abin ya ƙara lalacewa ne da ya je wani taron bita na masu gyaran kwamfuta a Zariya. Can ya haɗu da Linuks, manhajar nan mai tafiyar da kwamfuta wadda kowa ke iya buɗe cikinta ya karanta, ya gyara, ya raba wa wanda ya so. Mas'udu ya dawo gida kamar wanda ya yi sabon aure, ba shi da zance sai nata.

To, a cikin kowace kwamfuta akwai 'yan ƙananan kaya, na kama intanet, na fitar da sauti, na nuna hoto. Kowannensu yana da wata 'yar manhaja da ke tashinsa daga barci, masu sana'ar na ce mata famwe. Wasu a buɗe suke, wasu kuwa kamfanonin da suka ƙera kayan sun ba da su a yi aiki, amma sun hana a leƙa cikinsu. Masu haɗa Linuks ɗin da Mas'udu ke amfani da shi suka yi shawara, suka ware su: buɗaɗɗu a rumbu guda, rufaffu a wani rumbun, domin kowa ya san abin da yake ɗiba. Mas'udu ya karanta kan labarin a waya, bai kai tsakiya ba datarsa ta ƙare. Bai damu ya koma ba, don a ganinsa ya riga ya gane.

Da yamma ya isa teburin Mani mai shayi, abokinsa tun na ƙuruciya, ya ture wani a benci ya zauna.

"Mani, ka san surfe?"

"Surhen gero? Ni da uwata ke sana'ar hura za ka tambaya?"

"To kwamfuta ma tana da tsaba, tana da dusa. Manyan duniya sun zauna sun ce a raba su. Ni kuma na ɗau alkawari, daga nan Ƙanƙara har Faskari har Sabuwa, ba kwamfutar da za ta sake kwana da dusa a cikinta."

Mani ya ɗaga kofi sama yana sheƙa shayi. "Su manyan, cewa suka yi a raba ko cewa suka yi a zubar?"

"Ai duk ɗaya ne."

"To Allah shi ba da sa'a. Madara za a sa maka, ko ita ma ruhwahhiya ce? Na ga a gwangwani take."

Jama'ar benci suka kwashe da dariya. Mas'udu ya dube su da tausayi, irin kallon da likita ke yi wa marar lafiyar da ya ƙi shan magani.

Da kwamfutarsa ta shago ya fara. Ya surfe ta tas, ya kashe ya kunna, intanet ta ce ba ta san zancen ba. Masu zuwa duba sakamakon jarrabawa suka yi cirko-cirko a bakin ƙofa. Ya ce musu tsufa ne ya kama na'urar, kuma ba mutuwa ta yi ba, 'yanci ta samu. Daga nan sai tsautsayi ya kawo Malam Nasir, wani malamin firamare, da kwamfutarsa a gyara masa maɓalli ɗaya da ya maƙale. Mas'udu ya gyara maɓallin, sannan ya ƙara masa da surfe kyauta. Washegari Malam Nasir ya dawo idanu jajur.

"Injiniya, mi na yi maka? Na kawo ta tana magana, na koma da ita bebiya!"

"Malam, ai kwamfutar malami natsuwa ta kamace ta."

"Karatun yara nike sa masu da ita!"

"Sai ka riƙa karanta masu da bakinka. Ka ga ka ƙara samun lada."

Tun daga ranar, duk mai kwamfuta in zai wuce shagon Injiniya sai ya cusa ta cikin riga ya tsallaka ɗaya gefen titi.

Ana cikin haka kira ya zo masa daga Faskari, daga Alhaji Harisu dillalin hatsi. Mas'udu ya miƙe zumbur, don Alhaji Harisu shi ne mahaifin Mansura, ita kuwa Mansura ita ce abu ɗaya a duniya da Mas'udu ke so fiye da jin muryar kansa. Ya daɗe yana nemanta. A Sabuwa take zaune wurin kakarta Hajiya Mero, wadda ta raine ta. Duk lokacin da manyansa suka je, Alhaji sai ya ce magana na hannun Hajiya, Hajiya kuma ta ce ita ba ta ba da jikarta ga mutumin da bakinsa ya fi hannunsa aiki.

Mas'udu ya isa rumfar Alhaji ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa tsakanin buhunan masara.

Alhaji ya ce, "Ka san ƙanena Jabiru, autan Hajiya, da ke ɗinki a Madina?"

"Na san shi, Baba."

"Shekaru da aure ba haihuwa, sai yanzu Allah ya ba shi ɗiya. Sunan Hajiya za a sa mata. An turo hoto a waya, amma idon Hajiya ya yi rauni. Ta duba ta duba, ta ce ita dai ta ga wani abu kamar ƙosai a cikin tawul. Tun rannan ba ta cin abincin kirki. So nike ranar suna, in ana walima a Sabuwa, a kira Jabiru a haska mata jaririyar a bango, babba, ta gan ta tana motsi. Ga kwamfuta Jabiru ya aiko bara, ga majigi na aro. Za ka iya?"

"Baba, ba gani kaɗai ba, har ƙamshin jaririyar sai Hajiya ta ji."

"Ni dai ta gani. In Hajiya ta ga takwararta, ka turo manyanka a sa rana. In ba ta gani ba kuwa…" Alhaji bai ƙarasa ba, ya juya yana duba wani buhu.

Kwamfutar nan kamar sabuwa take ful, lafiyarta ƙalau. Da Mas'udu ya kai ta Sabuwa yadda aka ba shi, da labarin nan ya ƙare a nan. Amma ina! Mutum ya samu taro irin wannan, da dangin Mansura kaf, ya bar su su tashi ba su san wane ne shi ba? Yana isa shago ya zuba mata Linuks, ya shiga surfe. Rufaffun nan duka ya kwashe su ya tura cikin wani ɗan jan filashi mai igiya, irin na ajiye bayanai, ya goge su daga kwamfutar. Bai ajiye su don tsoron wani abu ba, ya ajiye ne don ya samu abin ɗagawa a gaban mutane ya ce ga ɓarayin da ya kama.

Mani ya leƙo, don shi ma an gayyace shi dafa shayin walima. "Ka gwada ta kuwa?"

"Gwaji na masu shakka ne."

Ana gobe suna ya hau mota zuwa Sabuwa don ya duba wuri. Hajiya Mero na zaune a tsakar gida tana gyaran wake. Tsohuwa ce 'yar firit mai kaifin harshe, kuma duk unguwar an san ta da hali guda: ba ta zubar da komai. Murfin kwalba, mataccen batir, tsohon silifa, duk suna da wurin zama a ɗakinta. Da su take yi wa awakinta shaida don kada su ɓace cikin na maƙwabta. Wannan akuya da murfin biro a wuya, waccan da makullin da kwaɗonsa ya daɗe da mutuwa.

Tana jin sallamarsa ta ce, "A'a, angona mai bakin ganga! Kai ne za ka nuna mani takwara?"

"Ni ne, Hajiya. Gobe har gashin girarta sai kin ƙirga."

"Ni da ban ga ƙofar ɗakina sosai ba? To mu gani."

Mansura ta kawo masa ruwa ta koma gefe tana sauraro. Ganinta ya sa kan Mas'udu ya ƙara girma. Ya zaro jan filashin ya ɗaga sama, matan da ke jajjagen gobe suka dakata.

"Hajiya, kin ga wannan? Duk ƙazantar da ke cikin kwamfutar Baba ce na surhe na tara a nan. Dusa ce. Yanzu abin da ya rage a ciki tsaba ce zalla."

"To ina za ka kai dusar?"

"Inda ta dace!"

Ya juya ya wurga shi ta saman danga, ya faɗa cikin turken awaki. Ya karkaɗe hannu yana jiran tafi. Ba wanda ya tafa. Hajiya ta bi inda abin ya faɗi da kunne, ta ci gaba da gyaran wakenta.

Da zai tafi Mansura ta raka shi zaure, ta ce a hankali, "Don Allah ka dai tabbata tana aiki? Hajiya ta sa rai ƙwarai. Ko barci ba ta yi."

"Mansura, ki fara zaɓen ankon biki kawai."

Ranar suna gida ya cika ya batse. 'Yan'uwa daga Damari, abokan Alhaji daga Faskari, maƙwabta da waɗanda ƙamshin waina ya gayyato. An lulluɓe babbar rumfar tsakar gida da barguna don ta yi duhu, an ɗaure farin zanin gado a bango. Inji na ruri a waje. Ɗan akwatin intanet kuwa an rataye shi a kan dogon gora, don a gidan sai a sama ake samun sabis. Aka sa wa Hajiya kujera a gaba, ta ci ado da atamfar da ta daɗe tana ɓoyo. Jabiru ya riga ya gaya wa Alhaji cewa maigidansa ɗan lokaci ya ba shi, da an kira la'asar a can zai koma shago.

Mas'udu ya fito cikin farar shadda, sabon ɗinki, hula a karkace. Maimakon ya kunna, sai ya tsaya gaban zanin ya yi gyaran murya.

"Jama'a, ku shaida. Abin da za ku gani yau ba a taɓa yin shi ba a ƙasar Katsina. Wannan na'ura babu ko ƙwayar rufaffiyar manhaja a cikinta. Ni na surhe ta da hannuna. Daga yau…"

"Ɗan nan," in ji Hajiya, "takwara na zo gani, ba wa'azi ba."

Ya danna. Zanin ya yi baƙi ƙirin, wasu 'yan fararen rubutu suka fara gudu daga ƙasa zuwa sama.

Hajiya ta miƙa wuya. "Waɗanga tururuwa hwa? Su ne mutanen Madinar?"

"Tana gaisawa ne da kayan cikinta, Hajiya."

"Ta cika gaisuwa."

Can hoto ya fito, a matse, rabinsa a kan zani rabinsa a kan rawanin wani dattijo. Mas'udu ya daddanna ya nemi alamar intanet. Babu. Ya sake nema. Babu ko inuwarta. Ya fita ya girgiza gorar, ya dawo. Ya sa aka sauke akwatin aka ɗora shi a kan kwamfutar kanta. Shiru. Ya ce bari ya gwada sauti kafin nan, ya murɗa har ƙarshe, ko tari ba ta yi ba.

Mani ya leƙo da buta a hannu. "Injiniya, ita ma ta samu 'yancin?"

Wayar Alhaji ta yi ƙara. Jabiru ne, yana cewa ga su zaune an yi wa jaririya wanka, me ake jira. Alhaji ya ce ana zuwa, ya kashe, ya zuba wa Mas'udu ido.

Gumi ya karyo wa Mas'udu. Ya ce a kawo igiyar waya ya jona kwamfutar da wayar wani. Aka zazzage jakunkuna, aka kawo igiyoyi tuli, fari da baƙi, har da wadda aka ɗaure da leda. Duk na caji ne kawai, irin na bakin tasha, ba wadda ke ɗaukar komai ban da wuta.

Alhaji ya matso ya rage murya. "Mas'udu, gaya mani gaskiya. Mi ya hwaru?"

"Baba, ƙaramin abu ne. Abin kama intanet ɗin ne ke neman 'yar manhajarsa."

"To ba shi mana."

"Sai an sauko da ita daga intanet."

"To sauko da ita."

"Ai… sai abin ya tashi sannan za a samu intanet ɗin."

Alhaji ya juya maganar kamar yadda yake juya hatsi a tafin hannu. "Wato ka kulle ɗaki, makullin na ciki."

"Kusan haka ne, Baba."

"Da na ba ka ita, tana da abin?"

Mas'udu ya sunkuyar da kai. A lokacin ya hango Mansura a bakin rumfa, ta rufe baki da mayafi, ba dariya take ba. Ya dubi Hajiya, ta daina tsokana, ta zuba wa farin zani ido, hannayenta a cinya. Nan ne tsoro na gaske ya kama shi, har da kunyar da bai saba ji ba. Sai jan filashin ya faɗo masa a rai.

Bai yi wa kowa bayani ba, ya tattare shadda ya ruga, ya haure danga ya dira cikin turke. Jama'a suka biyo shi duu. Ga Injiniya guda a durƙushe, yana tona ƙasa da hannu biyu, yana watsa ragowar harawa da kashin awaki ta bayansa.

"Subhanallahi! Aljanu gare shi?" in ji wata gwaggo daga Damari.

"A'a, intanet yake haƙa," in ji Mani. "An ce ta ƙasa ta hi ƙarhi."

Akwai wani tsohon bunsuru a turken da ba ya son baƙi. Ya ja da baya, ya auna, ya sakar wa Injiniya karo a inda ya fi tsoka. Mas'udu ya kifa da fuska cikin kwatarniyar ruwan awaki. Ya tashi yana furzar da ruwa, hula ta koma ƙeya, ya ci gaba da tono.

Mansura ta riƙo hannun Hajiya suka iso bakin danga.

"Angona, mi kake nema a ɗakin awakina?"

"Hajiya, abin nan na jiya. Ɗan ja, mai igiya."

"Wanda ka ce ƙazanta ne?"

"Shi."

"Yo ai sai ka tambaya. Abu mai kyau da igiyarshi a bar shi a ƙasa? Yana wuyan Ƙyalla."

Ƙyalla kuwa ita ce akuyar da ta fi kowace rashin ji a gidan, kuma tun safe ta tsinke tana zagayen tukwanen walima. Mas'udu ya hango ta bayan murhu tana cin ɓawon kabewa, jan filashi na lilo a wuyanta. Ya lallaɓa, ya yi tsalle. Ƙyalla ta goce, ya rungumi bokitin zoɓo. Farar shadda ta tashi daga fara.

Ya miƙe ya bi ta. Ta ratsa tsakanin masu tuyar waina, mata suka watse suna salati. Ta bi ta kan tabarmar dattawa, ta taka faranti, shi ma ya taka. Ta zagaya teburin Mani, Mani ya ɗaga butarsa sama yana ihu, "Ku tare Injiniya, akuyar ba ta da laihi!" Ta faɗa cikin rumfar majigi, ta shige bayan zanin gado. Mas'udu ya shiga bayanta, ƙusa ta fita, zanin ya rufto masa a ka. Ya fito tsakar gida a lulluɓe yana lalube, ya cafke wani abu mai gashi ya yi kabbara. Da aka yaye zanin, gemun Alhaji Harisu ne a hannunsa.

Ƙyalla kuwa tana can saman katanga tana kallonsu, tana tuƙa.

Wayar Alhaji ta sake ƙara. Jabiru ya ce an kusa kiran salla a can, ko a haƙura sai wani lokaci? Mas'udu ya zauna daɓas a ƙasa, numfashi ya ƙare.

Hajiya ta ce, "Mansura, ɗebo mani dusa a ƙwarya."

Aka kawo. Ta girgiza ƙwaryar sau ɗaya, ta yi ɗan kiran da take musu kullum. Ƙyalla ta diro daga katanga, ta taho a natse ta tura baki cikin ƙwarya. Hajiya ta kwance igiyar ta miƙa wa Mas'udu.

Aka sake ɗaure zanin, da jan tabon zoɓo a gefe. Mas'udu ya goge filashin a hannun riga, ya cusa, ya fara mayar da abin da ya kwashe. Duk jama'ar da ta ji jawabinsa na ɗazu ta dawo ta zauna.

"Ɗan nan, mi kake zubawa a ciki?" in ji Hajiya.

Ya amsa ciki-ciki.

"Kunnena ma ya fara bin idona. Ɗaga murya."

"Dusar ce, Hajiya."

"Wadda ba a taɓa ganin na'ura babu ita ba sai yau?"

"Ita."

"To zuba da yawa."

Rumfa ta kece da dariya, har Alhaji da ke gyara gemu sai da ya juya baya kafaɗunsa na motsi.

Ya kashe ya kunna. Tururuwar nan suka yi gudunsu suka wuce. Hoto ya fito cif a kan zani, alamar intanet ta haska, lasifika ta yi wata ƙara da ta firgita na kusa, don ya bar ta a murɗe. Da ya danna kiran Jabiru, abu na farko da ya cika bango shi ne fuskar Mas'udu kansa, ƙatuwa, da karan harawa a kunne da wani abu a goshi wanda ba sai an faɗi sunansa ba. Sai ga Jabiru ya bayyana, muryarsa ta cika gida.

"Salamu alaikum! Yaya, wa ke nan? Sabon mai kiwon Hajiya ne?"

"Matsa, ɗan nan," in ji Hajiya, muryarta ta canza.

Mas'udu ya ja jiki gefe. Jabiru ya ɗago jaririyar ya kawo ta kusa. Fuskarta ta cika zanin gadon nan, ta yamutsa goshi, ta buɗe ido ɗaya, ta yi hamma.

Hajiya ta miƙe ba tare da ta nemi sanda ba. Ta taka har gaban bango, ta ɗora tafin hannu a kan kuncin da ke kan zanin, hasken majigi na kwance a bayan hannunta.

"Na gan ta," ta ce. "Wallahi na gan ta. Ga hancin nan irin na Malam babanku. Jabiru, juyo da ita. Takwara, ke ce kika sa muka yi ta jira haka?"

Hawaye na zuba tana dariya. Mata suka rangaɗa guɗa, dattawa suka shiga addu'a, Mansura ta rungume kakarta ta baya tana kuka. Mas'udu na rakuɓe jikin bargo yana ɗigar zoɓo, daɗi da kunya sun haɗe masa, ya rasa wanda zai fara ji. Ba a daɗe ba aka jiyo kiran salla daga can, Jabiru ya yi sallama, zanin ya koma fari.

Hajiya ta share fuska da gefen mayafi, ta juyo. "Harisu."

"Na'am, Hajiya."

"Alkawari ka yi, kuma na gani. A ba shi. Mutumin da zai sha karon bunsuru ya koma ya ci gaba da tono saboda ni, zai iya riƙe Mansura. Bakin ne dai sai a hankali." Ta miƙa hannu wajen Mas'udu. "Kawo abina."

"Hajiya, ai filashin nawa ne."

"Ka zubar, na tsinta."

Ya zare ya ba ta. A gabansa ta mayar da shi wuyan Ƙyalla ta ƙulle tamau.

Ko mako ba a rufa ba Mas'udu ya dawo benci a teburin Mani, bayan ya lallaɓa ya mayar wa kwamfutar Malam Nasir muryarta. Ya karɓi shayi ya harɗe ƙafa.

"Ku abin da ba ku gane ba, abin da manyan duniya suka ce shi na yi. Cewa suka yi a ware, kowa da wurinsa. To na ware. Buɗaɗɗu a kwamfuta, rufaffu a wuyan akuya. Ku nuna mani wanda ya taɓa yin haka ko a Zariya."

"Babu," in ji Mani. "Wannan kam mun shaida."

Ranar da aka kawo amarya Ƙanƙara, bayan an sauke gado da kujeru da kwanuka, sai aka sauko da Ƙyalla daga bayan mota, jan filashi na lilo a wuyanta. Mas'udu ya ja da baya. Mansura ta ce daga cikin lulluɓi, gudummawar Hajiya ce, kuma ta ba da saƙo: duk ranar da ango ya sake tashi surfe, a kwance akuyar tukuna.